Yadda Ake Kafa Shirin Bai wa Ɗalibai Aron Kwamfuta a Ɗakin Karatun Jami'a

Ɗalibin jami'a a yau ta intanet yake rajistar kwasa-kwasai, a buge yake miƙa aikin gida, a ajin ƙarshe kuma sai ya buga furojet mai babi biyar. Da yawa daga cikin ɗaliban waya kaɗai suka mallaka, sai su koma ga masu shagon buga takardu ko su jira aboki ya gama da tasa kwamfutar. Ɗakin karatu ne ya fi dacewa ya ɗauki wannan nauyi, domin bayar da aro da karɓa aikinsa ne tun asali: yana da rajistar ɗalibai, yana da ƙa'idar tara, kuma sai ya sa hannu a takardar kiliyarans kafin ɗalibi ya karɓi sakamakonsa.

Sai dai idan littafi ya dawo kan kanta ake mayar da shi. Kwamfuta kuwa sai an duba ta, an goge abin da ke ciki, an yi mata caji, sannan ta sake fita. Wannan aikin na tsakanin dawowa da sake fita shi ke riƙe shirin, kuma shi aka fi mantawa da shi lokacin tsarawa.

Mataki na 1: A san mai buƙata da abin da yake buƙata

Kafin a rubuta takardar neman kuɗi, a ɗauki mako biyu ana raba gajeren fom a ƙofar ɗakin karatu da sassan karatu. Tambaya huɗu sun isa: wace na'ura kake da ita, wane aiki ne ya gagare ka saboda rashin kwamfuta, a hostal kake kwana ko a cikin gari, kuma kana samun wuta a inda kake kwana. Amsar tambaya ta biyu ce za ta nuna irin na'urar da za a saya. Ɗalibin tarihi ko shari'a Word da burauza sun ishe shi. Na ilimin zamantakewa zai nemi SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, na injiniya zai nemi AutoCAD ko MATLAB. Manhajoji masu nauyi da tsadar lasisi gara a bar su a kwamfutocin girke na sashen intanet na ɗakin karatu, a ware na aro domin rubutu, bincike da gabatar da aiki.

Fom ɗin kan bayyana cewa wasu ɗaliban suna da kwamfuta, caja ce ta ƙone. Wasu kalkuletar kimiyya irin Casio fx-991 suke nema lokacin jarrabawa, ko wayar HDMI ranar kare furojet. Waɗannan ƙananan kaya ba su da tsada, suna fita da yawa, kuma da su ma'aikata ke koyon aikin kafin manyan kaya su iso.

Mataki na 2: Kuɗin saye da kuɗin riƙo

Jami'o'in gwamnati a Najeriya na iya duba kason bunƙasa ɗakunan karatu na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, akwai kuma ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da kamfanoni. Duk inda kuɗin ya fito, matsalar ɗaya ce: mai bayarwa yana son ya ga kwamfutoci a jere ranar ƙaddamarwa, ba ya tunanin batirin da zai mutu bayan shekara biyu. Saboda haka a raba kasafin tun a takarda. Cikin kowace naira 100, kada kwamfutoci su ci fiye da 70. Ragowar 30 ta tafi ga cajojin ajiya, jakunkuna, batura, allunan canji, kabad ɗin caji da lasisi. Idan kuɗin na kwamfuta 40 ne, a sayi 28 a tanadi kayan riƙonsu. A lissafa wa kowace na'ura shekara huɗu na aiki, a kuma nemi hukumar jami'a ta amince a rubuce da ɗan kason gyara na kowace shekara.

Duk abin da aka saya ya bi ta sito, ya shiga rajistar kadarorin jami'a da lambarsa. A kuma zauna da masu binciken kuɗi tun da wuri, a amince a kan yadda za a cire na'urar da ta ɓace ko ta mutu daga rajista. In ba a yi haka ba, ranar da ta farko ta ɓata, ma'aikacin kanta ne zai amsa tuhuma, daga nan kuma kowa zai fara jin tsoron bayar da aro.

Mataki na 3: Zaɓen na'ura

A sayi samfuri ɗaya tak. Wannan ita ce shawara mafi tasiri a duk shirin. Idan duk kwamfutocin iri ɗaya ne, caja ɗaya ta shiga kowacce, manhajar da aka shirya sau ɗaya ta hau dukkansu, wadda ta mutu kuma ta zama ma'ajiyar kayan gyaran sauran. Gudummawar kwamfutoci iri-iri, wannan HP waccan Acer, kowacce da bakin cajarta, tana ninka aikin ma'aikata. Idan aka kawo irin wannan kyauta a karɓa da godiya, a ajiye su don amfani a cikin ɗakin karatu kawai.

A nemi jerin da aka ƙera don ofisoshi, wato Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, ko HP ProBook da EliteBook. Maƙallin allonsu ya fi ƙarfi, ana kwance su da sukudireba, kayan gyaransu kuma suna samuwa a kasuwa. Mafi ƙarancin abin da za a amince da shi: Core i5 ko makamancinsa, RAM 8GB, ma'ajiyar SSD 256GB, allo inci 14, da caji ta USB-C mai wat 65. A guji tsohon hard disk mai faifai da ke juyawa, domin jijjigar a-daidaita-sahu da faɗuwar jaka suna kashe shi. A guji allon taɓawa, canjinsa ya fi tsada kuma ba ya ƙara wa mai rubutu komai.

Idan na hannu za a saya, akwai abubuwa uku da ba a tsallakewa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 da injin Intel na zubi na 8 zuwa sama, don haka duk wadda ta gaza haka a bar ta komai arharta. Sai batir: a buga umarnin powercfg /batteryreport, a kwatanta Full Charge Capacity (cajin da yake ɗauka yanzu) da Design Capacity (wanda aka ƙera shi da shi), in ya gaza kashi 80 cikin ɗari a sa mai sayarwa ya canza. Sannan a shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, a tabbatar babu lambar sirrin wani kamfani a kai, a kuma ɗora sabon Windows a haɗa da intanet a gani ko za ta nemi shiga da asusun tsohon mai ita. Na'urar da ke kulle da sunan wani kamfani na ƙasar waje ba ta buɗuwa cikin sauƙi.

Chromebook, kwamfutar da ke aiki da manhajar Google maimakon Windows, yana da sauƙin gogewa da kulawa, amma ƙarfinsa na kan intanet, kuma SPSS na kan tebur ba ya hawa kansa. Inda data ke da tsada ga ɗalibi, bai dace ya zama na fita waje ba.

Ga kowace kwamfuta 30, a ƙara cajoji 10 na asali, a kuma ware kwamfuta 3 da ba sa fita sai wata ta shiga gyara.

Mataki na 4: Shirya su kafin su fita

A shirya kwamfuta ɗaya tsaf: Windows da sabuntawarsa, manhajar ofis mai lasisi, burauza, mai karanta PDF, Zotero don tsara madogara, da NVDA, manhajar kyauta da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo. Sai a ɗauki hotonta, wato kwafin duk abin da ke cikin ma'ajiyarta, da manhajar Clonezilla, a zuba wa sauran. A ajiye wannan hoton a ma'ajiya biyu daban-daban. A sa wa BIOS lambar sirri, a hana tayar da na'urar daga filashi, ɗalibi kuma ya shiga da asusun da ba shi da ikon ɗora manhaja.

A nan ne ake yawan yin kuskure mai ciwo. Manhajoji irin Deep Freeze suna mayar da kwamfuta yadda take da zarar an kashe an kunna. Ga aron awa huɗu a cikin ɗakin karatu, hakan daidai ne. Ga wadda za ta kwana bakwai a hannun ɗalibi kuwa, batir na mutuwa da dare, babin da ya kwana yana rubutawa ya tafi. Ko dai a ware masa ɓangaren ajiya da ba a gogewa, wanda Deep Freeze ke kira ThawSpace, a sa babban fayil ɗin takardu ya koma can, ko a bar na fita waje babu Deep Freeze, a riƙa goge asusun ɗalibi duk lokacin da ta dawo. Kowanne aka zaɓa, a rubuta shi da manyan baƙaƙe a hoton fuskar allo, tare da lambar na'urar da lambar wayar kanta.

Kowace kwamfuta ta samu lamba, a zana ta da abin zane a ƙasan jikinta, domin sitika ɓarewa take yi. Lambar nan ta hau jaka, ta hau kan caja da kebul ɗinta. A liƙa sitikar hatimi, irin wadda ke yagewa in an taɓa, a kan sukurori biyu na murfin ƙasa. A rubuta lambar kamfani ta kwamfutar da ta cajar a rajista.

Mataki na 5: Wuta, zafi da ƙura

Kwamfuta 30 masu cajar wat 65 in an jona su lokaci guda suna iya jan wat 1,950. Soket mai amfiya 13 zai iya ɗauka a lissafi, amma wayar jona-jona ta kasuwa ba za ta iya ba, narkewa take yi. A raba su goma-goma, kowane rukuni da soket ɗinsa na bango da na'urar kare hauhawar wuta, mai gyaran wuta na jami'a ya duba layin. Batirin kowacce kusan wat-awa 50 ne, don haka cika talatin daga ƙasa na cin kusan kilowat-awa 2 in an haɗa da asara. Wannan lissafin za a kai wa mai kula da inbata ko sola, a kuma tsara caji da rana lokacin da hasken ke da ƙarfi.

Kabad ɗin caji ya zama na ƙarfe mai makulli da ramukan iska, kowace kwamfuta a gurbinta, a wajen jaka. Zafi ne babban makashin batirin litiyam, kuma a Kano, Sakkwato ko Maiduguri zafin bazara na wuce digiri 40. Kada kabad ya jingina da bangon da rana ke duka. Alamar batirin da ya kumbura ita ce wurin linzamin yatsa ya ɗago ko murfin ƙasa ya buɗe baki. Irin wannan a kashe ta nan take, a daina yi mata caji, a cire batirin, kada a huda shi ko a danne shi. Da hunturu ƙura na toshe fanka, sai na'ura ta yi zafi ta riƙa kashe kanta, don haka a hure fankokin sau ɗaya a kowane zango.

Dogon hutu ma yana kashe batir. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma batirin da aka bari babu caji tsawon haka yana iya ƙin tashi gaba ɗaya. In za a rufe, a bar kowacce a kusan kashi 50, a kashe ta ɗungurungum, wani ya riƙa zuwa duk wata biyu yana dubawa.

Mataki na 6: Ƙa'idojin aro

Tsawon aro shi ke ƙayyade mutum nawa za su amfana. Kwamfuta 30 in an bayar na zango guda, ɗalibai 30 ne suka samu. In kwana bakwai ne da kwana ɗaya na dubawa, a zango mai mako 15 kowacce za ta fita sau 13, wato aro 390. Tsarin da ya fi aiki kashi biyu ne: wasu na awa huɗu a cikin ɗakin karatu, wasu na kwana bakwai a waje, ana sabuntawa sau ɗaya in babu mai jira. A ware kaɗan ga ɗalibai masu buƙata ta musamman da aro mai tsawo. A kuma lura da lokacin rufe kanta: ɗaliba mai aure ko mai goyo da dole ta koma gida kafin magariba ita ce ta fi buƙatar na fita waje, kada jerin jira ya zama sai wanda ya iya tsayuwa har dare.

Kada a nemi kuɗin ajiya. Wanda zai iya ajiye kuɗi mai yawa ba shi ne aka yi shirin dominsa ba. Abin da ke dawo da kaya shi ne katin shaida na shekarar da ake ciki, lambar waya da aka kira a gaban kanta aka ji ta shiga, sa hannun jami'in ajinsa ko shugaban sashe, da sanin cewa babu kiliyarans sai an dawo da kayan.

Yarjejeniyar ta zama shafi ɗaya, sashen shari'a na jami'a ya duba ta. Ta faɗi abin da ke cikin jaka, ranar dawowa da awa, farashin caja da allo da madannai da na kwamfutar gaba ɗaya, da abin yi in an sace: sanar da jami'an tsaron jami'a da ɗakin karatu cikin awa 24, sannan a kawo rahoton 'yan sanda. A bambanta lalacewar tsufa, kamar batir da ya raunana, da ta sakaci, kamar shayi a kan madannai ko allon da ya fashe. Tarar jinkiri ta zama kaɗan kuma mai iyaka, domin tarar da ta taru ta fi ƙarfin ɗalibi ɓoyewa take sa shi. Dakatar da shi daga aro na mako biyu ya fi tasiri. Duk biyan kuɗi ya bi ta ofishin ma'ajin jami'a da rasit, ma'aikacin kanta kada ya taɓa kuɗi.

Akwai ƙa'ida ɗaya da sai shugaban ɗakin karatu ya tsaya a kanta da kansa: kayan na ɗalibai ne. Malami ko babban jami'i zai aiko a ba shi ɗaya don taro na kwana biyu, ƙaramin ma'aikaci kuma ba zai iya cewa a'a ba. Irin wannan aron ba shi da ranar dawowa. A sa haramcin a rubuce da amincewar hukumar jami'a, domin ma'aikaci ya samu takardar da zai nuna cikin ladabi.

Mataki na 7: Shigar da su manhajar ɗakin karatu

In ana amfani da Koha, a buɗe nau'in kaya daban ga kwamfutar ciki, kwamfutar waje, da ƙananan kaya. Koha na karɓar aro na awanni, yana da iyakar tara da kwanakin dakatarwa, kuma ana iya sa saƙon da zai fito wa ma'aikaci lokacin karɓa, misali ya ƙirga kaya huɗu a jaka. A cika kalandar hutu don kada tara ta hau ranar da aka rufe. A kunna jerin jira, a aika tunatarwa kwana ɗaya kafin wa'adi. A ajiye littafin rajista na takarda don ranar da sabar ta tsaya, a shigar da komai da zarar ta dawo.

Mataki na 8: Aikin kanta

Lokacin fita, a kunna kwamfutar a gaban ɗalibi, su duba allo da madannai tare, a rubuta duk wani tabo da ke jikinta, a ƙirga kaya: kwamfuta, kan caja, kebul, jaka. A tuna masa abu uku da baki: ya riƙa kwafe aikinsa a filashi ko imel, kada ya ɗora ta kan katifa domin tana toshe iska, kuma da damina ya sa jakar cikin leda.

Lokacin dawowa ne ake buƙatar natsuwa, minti biyar ga kowacce, ɗalibi na tsaye. Ba a karɓa daga hannun aboki, ba a ajiyewa a tafi. A fara da caja, domin ita aka fi yin asara: wani ya manta ta a soket ɗin aji, wani ya musanya ta da jabu ba da saninsa ba a ɗakin da mutum shida ke caji a wuri ɗaya. A duba lambarta, a jona a ga tana caji. Cajar jabu ta fi sauƙi a hannu, tana zafi, kuma tana lalata batir. Sai sitikar hatimi. In ta yage, a buɗe bayanan na'ura a tabbatar RAM da SSD suna nan yadda aka rubuta, domin akan kai kwamfuta wurin mai gyara a kasuwa a dawo da ita da ƙananan kaya. Sai allo a kan farin shafi don ganin tsaga ko ɗigo, maƙallin allo, bakin caji, da ramukan USB.

Daga nan ta wuce teburin baya, kada a miƙa ta ga na gaba kai tsaye komai tsawon layi. A goge asusun wanda ya dawo da ita ko a sake zuba hoton asali. Ɗalibai na barin Gmail da WhatsApp a buɗe, da hotuna da takardun banki, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe bayanan mutane nauyin kare su. Ma'aikaci ba ya buɗe fayilolin ɗalibi, gogewa kawai yake yi. A share jikinta da ƙyalle mai ɗan danshin sifirit, a yi caji, sannan a mayar da ita layin masu fita. Alama mai launi uku a kan kabad tana hana ruɗani: ja ta dawo ba a duba ba, rawaya tana caji ko gyara, kore ta shirya.

Wannan aikin na buƙatar mutum biyu da aka horar a kowane zubin aiki, da ma'aikacin fasaha ɗaya da aka ambaci sunansa a takarda, mai awanni sanannu a mako. In aka bar gyara ga sashen fasahar jami'a gaba ɗaya ba tare da sunan kowa ba, kwamfuta mai matsalar madanni ɗaya sai ta yi wata uku a kabad.

Mataki na 9: Gwaji na zango ɗaya

A fara da kwamfuta 15 zuwa 20 ko da an sayi fiye da haka, a buɗe a mako na uku na zango bayan rajista ta lafa. Sanarwa ta bi ta wakilan aji da ƙungiyar ɗalibai. A riƙa ƙirga abu huɗu: sau nawa aka bayar, mutum nawa suka zo ba su samu ba, nawa suka dawo a makare, da kwana nawa kowacce ta yi a gyara. Adadin waɗanda suka koma hannu rabbana shi ne hujjar neman ƙari, kuma manhaja ba ta rubuta shi, sai an ajiye takarda a kanta ana yin alama.

A sa ranar dawo da komai kwana uku kafin jarrabawar ƙarshe, domin da zarar ɗalibai sun watse zuwa garuruwansu, kiran waya ba ya dawo da kaya sai an dawo hutu. A makon farko na hutun a ƙirga kaya da rajistar sito, a buga rahoton batir na kowacce, a sabunta hoton asali, a yi odar cajoji da allunan da suka ƙare. In jinkirin dawowa ya yi yawa, a gyara tunatarwa da tsawon aro kafin a saki ragowar kwamfutocin. In kwanakin gyara ne suka yi yawa, ƙarin ma'aikacin fasaha ake buƙata kafin ƙarin na'ura.